Kwana-kwana Ba Karkata Ba Ce: Martani Daga Ƙasar Anka

Wani abokina da ke koyarwa a Gusau ne ya ɗauki hoton shafin ya turo mini ta WhatsApp, ya rubuta a ƙasa, "Ga irin naka." Ya san halina. Shafin na wani malami ne da ke rubutu kan gyaran harshe a ɗaya daga cikin jaridunmu na Hausa, kuma a wannan makon kalmar da ya ɗauro ya kawo gaban alƙali ita ce kwana-kwana. Ya ji mai karanta labarai a rediyo ya ce mota ta ƙwace wa direba a wata hanya mai kwana-kwana, abin ya tsaya masa a rai har ya kai shi ga alƙalami.

Hukuncinsa kashi biyu ne. Na farko, wai kalmar ba 'yar gida ba ce, agola ce da direbobi suka jawo daga Ingilishi, don haka a kore ta daga rediyo da aji. A riƙa cewa karkatacciyar hanya ko murɗaɗɗiya, in kuma wurin juyawar ake nufi a ce kusurwa. Na biyu, wanda shi ne ya hana ni yin shiru, wai tun asali Bahaushe ba shi da kalmar yabo ga abin da ba miƙaƙƙe ba. Duk kalmar da ke nuna lanƙwasa a harshenmu, in ji shi, zargi ce, domin mu mutane ne masu son hanya madaidaiciya.

Malam, ina gaisuwa, kuma ba raini. Na daɗe ina karanta shafinka, na kuma ƙaru da shi ba sau ɗaya ba. Amma a wannan karon ka sha kwana inda babu kwana.

Ina yaro, in aka yi hutun kaka, ƙauyen Sunke ake kai ni wurin kawuna. Wata rana saniya ta taka laujensa a bakin garke, ruwan laujen ya goce gefe, ya daina kama ciyawa. Kawu ya miƙo mini ya ce in kai maƙera. Na je na durƙusa na gaida tsohon, na ce, "Baba, an ce ka gyara wannan, ya lanƙwashe." Bai ko karɓa ba sai da ya gama dariya. Ya ce, "Yaro, in na hidda mai lanƙwasa, da mi za ku yankan haki? Lauje da lanƙwasatai aka sanin shi. Wanga karkacewa yay yi." Ya sa shi a wuta, yaronsa ya ja zugazugi, ya ɗauko shi da awartaki ya ɗora bisa uwar maƙera, ya ba shi masaba 'yan kaɗan. Ya fitar da karkatar, ya bar lanƙwasar yadda take. Wannan tsoho bai taɓa riƙe ƙamus ba, amma a jimla uku ya raba abin da Malam ya cakuɗa a shafi guda.

Lanƙwasa siffa ce. Ko dai an yi ta da gangan, kamar ta lauje da ƙugiya da baka, ko kuma haka Allah ya halicci abin, kamar jinjirin wata. Karkata kuwa barin mazauni ce: abu yana da inda ya kamata ya tsaya, sai ya goce. Katanga takan karkace in ruwa ya ci gindinta, kaya sukan karkace a bayan jaki, hankalin alƙali yakan karkata ga mai kuɗi. A duk waɗannan akwai wani daidai da aka bari. Murɗa kuma daban take, abu ne ke juyawa a kan kansa: igiyar rama, wuyan kaza, wanki in ana matsewa, ciki in ya ɓaci, da kuma zaɓe, wanda 'yan siyasarmu suka ƙware a kai. Hanyar da za a kira murɗaɗɗiya sai dai in ƙasa ta girgiza ta juya kwaltar ciki ya koma waje. Ga kuma tanƙwara, da bauɗewa, da gantsarewa, da kanannaɗewa irin ta maciji a gindin rumbu. Harshen da ya tara waɗannan duka bai ɗauki rashin miƙewa abu guda ba, balle ya yanke masa hukunci guda.

Ita kuwa kusurwa, ta ɗaki ce da gona da filin gini. Zaune take, ba a shan ta, ba a karya ta. Malam ya je tashar Gummi ya shiga gaban mota, in an kusa marabar hanya ya ce wa direba, "Sha kusurwa." Ina roƙon ya gaya mana irin kallon da aka yi masa.

Wannan ba wasan kalmomi ba ne kawai, tunda maganar daga labarin haɗari ta taso. Da mai karanta labaran nan ya bi shawarar Malam ya ce mota ta faɗi a karkatacciyar hanya, mai sauraro a Bukkuyum abu biyu zai ɗauka: ko dai hanyar ta zabtare ta jirkice gefe guda, ko kuma wa'azi aka fara. Da ya ce mai kwana-kwana, kowane direba ya ga hoton a ransa, ya kuma san abin da ake so ya yi da ƙafarsa ta dama. Kalmar ta yi aikin da aka aike ta.

Sai batun hanya madaidaiciya, inda Malam ya kafa turakunsa. A nan ina ganin kunne ne ya yaudare shi. Madaidaici daga daidai ya fito, ba daga miƙewa ba. Takalmi yakan yi daidai da ƙafa, gishiri yakan yi daidai a miya, lissafi yakan fita daidai. Babu miƙewa a ko ɗaya cikinsu. Laujen da aka miƙar sambal ya zama miƙaƙƙe, amma ya bar daidai. Na sani masu wa'azi sukan ce miƙaƙƙiyar hanya ma, kuma ban musa ba. Sai dai abin da suke gargaɗi a kai shi ne ratse da bauɗewa, wato barin hanyar, ba siffar da take da ita a ƙasa ba. Ƙasarmu ba baƙuwar wannan karatu ba ce. Gummi ce ta haifi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara Alƙur'ani mai girma zuwa Hausa, aka ba shi lambar Sarki Faisal a 1987, ya rasu a 1992. Mun tashi muna jin maganar hanya madaidaiciya safe da yamma, amma ban taɓa jin malamin da ya ɗauke ta a matsayin fatawa kan siffar abubuwa ba. A cikin sallar da muke yi sau biyar akwai ruku'u, kuma wanda ya tsaya ƙiƙam ya ƙi sunkuyawa ba a ce ya fi kowa daidai ba.

In da gaske Bahaushe na ƙin lanƙwasa, to a gaya mini me yake biya da tsada a jikin babbar riga. Askar da ke ƙirji, ko biyu ce ko takwas, miƙaƙƙiya ce mai tsini, na yarda. Amma a ɗaya gefen da kuma a baya, ga tambari nan, zare yana zagaya kansa kamar katantanwa, kuma maɗinki na iya share makonni a kansa. Dagin da Jihar Arewa ta ɗauka ya zama alamarta a zamanin Sardauna, wanda har yau ake zana shi a fuskar gidaje da kan kujerun sarakuna, layi ne da ke shiga yana fita, ya bi ta ƙarƙashi ya ɓullo ta sama, ba a ganin farkonsa balle ƙarshensa. Rawani naɗa shi ake yi. Budurwar da ke tafe tana rausaya ba a ce ta karkace ba, samari ma sukan karkata hula da gangan, nan kuwa ko ita karkatar ta zama ado.

Wanda ya fi burge ni shi ne na magina. Rufin soron da ake ji da shi a ƙasar Hausa, sunansa bakan gizo, sunan da muke kiran abin nan mai launuka da ke fitowa a sama bayan ruwa. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya ɗaga kai, ya san ba a wasa da wannan fasaha. Abin mamakin shi ne azara ba ta lanƙwasuwa. Giginya ce, taurinta ya sa gara ma take shakkarta. Sai magini ya yanka ta gajeru, ya kafa na farko a jikin bango, ya ɗora na biyu ya ɗan leƙo gaba, ya ɗaure, ya bi da ƙasa, ya bari ta sha iska, ya ƙara na uku, daga wancan bango ma haka, har ƙafafun su haɗu a sama. Da miƙaƙƙun itatuwa ya ƙera baka, domin ya gane azara ɗaya miƙaƙƙiya ba ta iya tsallake faɗin zaure ba tare da ta lotsa ba. Sarautar Babban Gwani aka ba mai wannan aiki. Wannan bai yi kama da zargi ba.

Mu dawo gida, bakin gulbi, domin a can ne maganar ta fi nauyi. Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar Anka, ya shiga ta Bukkuyum, ya wuce Gummi, ya nufi Jega kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato a jihar Kebbi. Wanda ya buɗe taswirar waya ya duba shi daga sama zai ga kamar an jefar da igiya a ƙasa. Manomin fadama ba ya bukatar waya. Ya san in ruwa ya zo kwana, ta waje yake gudu da ƙarfi, yana ƙwaƙular gaɓa yana zabtar da ita, ta ciki kuwa sai ya yi sanyi ya ajiye yashi da laka. Shi ya sa gaɓa ɗaya take tsaye kamar bango, mai zurfi a gindinta, inda masunta ke neman manyan kifaye, ɗayar kuma take kwance, inda ake mashaya, mata ke wanki, ake kuma dasa albasa da rani. Kowace damina kwanar tana ƙara faɗi. Mai gona ta waje yana asara, mai gona ta ciki yana samun ƙari ba da saye ba, kuma dagatai da alƙalai sun sha zama kan irin wannan rigima. In kwanar ta yi zurfi har wuyanta ya sirance, wata ambaliya sai ta yanke ta wuce kai tsaye, ta bar tsohuwar hanyar a gefe ta zama tafki mai siffar lauje, inda kifi ke taruwa, shanu ke sha har cikin bazara.

Wannan kai-da-kawowar ita ce ke rage wa ruwa gudu, ta ba shi lokacin da zai baje a fadama ya bar taki, ya kuma nutse ya cika rijiyoyi. Ba na cewa gulbi aboki ne kullum. Daminar 2024 ta nuna wa Gummi haka: ambaliya ta ci gidaje da gonaki, sannan a watan Satumba kwale-kwale ya kife da manoman da ke haye zuwa gona, aka yi rashi mai yawa. Allah ya jiƙansu. Amma maganin wannan ba miƙar da gulbi ba ne, kuma akwai waɗanda suka gwada kafin mu. A jihar Florida ta Amurka akwai kogin Kissimmee, mai kwana-kwana, tsawonsa kusan kilomita 166. Tsakanin 1962 da 1971 injiniyoyi suka haƙa masa miƙaƙƙiyar hanya mai kusan kilomita 90 don maganin ambaliya. Fadamun suka bushe, tsuntsaye da kifaye suka ragu ƙwarai. Daga 1999 suka koma suna cike wani sashe na ramin da kuɗi masu yawa don ruwa ya koma tsohuwar hanyarsa, ba su gama ba sai 2021. Shekara ashirin da biyu suna sayen kwana-kwanar da Allah ya ba su kyauta. Da sun tambayi wani mai garka a Gummi, da ya rage musu wahala.

Tunda Malam ya damu da asali, bari mu bi asalin. Gaskiya ne kwana, ta hanya, daga Ingilishi ta zo, kuma a bakin direbobi da makanikai ta shigo, tare da birki da giya da taya da sitiyari. Ban ga Malam ya nemi a kori birki ba, wataƙila don ya san abin da zai biyo baya. Amma su Turawan Ingila ma aro suka yi. Daga tsohon Faransanci suka samo kalmar, shi kuma ya gado ta daga Latin, inda tushenta ke nufin ƙaho. Ƙaho dai, irin na saniyar Rahaji da ke tafe cikin garken Fulani yana lanƙwasa sama. Ke nan kalmar ta yi doguwar tafiya ne ta dawo wurin da ake da abin da aka raɗa mata suna da shi. Haka kalmar da suke siffanta kogi mai kwana-kwana da ita, sunan wani kogi ne a ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ake kira Menderes, da Girkawan zamanin da suka yi mamakin yawan juye-juyensa. Babu wanda ya ce su mayar.

Malam ya rubuta cewa yana kare kalmomin asali. Kalma Larabci ce. Asali Larabci ne. Jarida da ya yi rubutun a ciki, da alƙalamin da ya riƙe, da hukuncin da ya yanke, duk daga can suke. Agogon hannunsa daga Yarabawa muka karɓa, takobin da ke cikin kirarin sarakunanmu daga Abzinawa. In za a yi korar baƙi, Malam zai wayi gari ba shi da abin da zai rubuta takardar korar da shi.

Abin dubawa ga baƙuwar kalma shi ne ko ta koyi zaman gidan. Kwana ta koya, har ta fi wasu 'yan gida ladabi. Ta tarar da mai irin sunanta, kwana na dare da rana, ba su yi faɗa ba. Na dare namiji ne, ana jan gabarsa ta farko: kwanan wata, kwanan zaune, kwanan baya. Ta hanya mace ce, gabarta ta farko gajera, muryarta na sauka a ƙarshe: Kwanar Ɗangora a hanyar Kano zuwa Zariya, Kwanar Dawaki a hanyar Katsina. Babu hukumar da ta zauna ta raba musu jinsi, bakin mutane ne ya yi. Mu nan yamma har kwana na uku gare mu, domin in muka ce yaro shina kwana, barci muke nufi, kuma ban taɓa ganin wanda ya rikice ba. (Mu da garinmu Anka, kuma in za mu ba da labari mu ce anka yi, anka ce, mun saba da kalma ɗaya mai ɗaukar kaya biyu.) Daga nan kwanar hanya ta samu aikatau nata: a sha kwana, a karya kwana. Ta shiga karin magana na yau da kullum, ɗan siyasar da ya sauya jam'iyya dare ɗaya ya sha kwana. Sannan aka ninka ta yadda muke ninka gida-gida da lungu-lungu da iri-iri, ta ba da ma'anar da uwarta ta Ingila ba ta taɓa mafarki ba. Ba Baturen da zai ji kwana-kwana ya gane tasa ce. Har masu kashe gobara mun raɗa musu 'yan kwana-kwana. Tun daga ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, zuwa na Jami'ar Bayero na 2006, aikin mai ƙamus shi ne ya bi kasuwa da tasha da zaure ya rubuta abin da ya ji. Ba mai gadin ƙofa ba ne.

Akwai inda Malam yake da gaskiya, kuma ba zan yi masa kwana-kwana a kai ba. In kalmar ta bar hanya ta koma kan magana, zargi ce tsantsa. "Kada ka yi mini kwana-kwana," mai bin bashi ke faɗa, da uban da ya kama ɗansa da ƙarya. Mu mutanen wannan yanki mun san kuɗin irin wannan kwana-kwanar fiye da yadda Malam zai sani daga nesa. A 2010 yara suka fara mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, suna suma suna sanƙarewa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka fara ankara, aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake kawowa cikin gida ana daka, ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Dareta, Abare, 'Yargalma, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, da Sunke ɗin da aka gyara mini lauje, duk suna ciki. Yara sama da 400 suka tafi. A farko wasu iyaye sun riƙa ɓoye adadin waɗanda suka binne, don tsoron kada a hana haƙar da ita ce abincinsu. Ban zarge su ba, na san talaucin da ya kai su. Daga sama kuma, bayan an kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, Bagega, wadda ta fi su girma, ta zauna jiran kuɗin aikin: a yi taro, a yi alkawari, a ce takarda tana wani ofis, har sai farkon 2013 kuɗin suka fito. Wannan ita ce kwana-kwanar da ta cancanci duk baƙar maganar da Malam ya tanada.

Sai dai ko a nan, Bahaushe bai haɗa kowace magana mai zagaye a kwando ɗaya ba. Wanda aka aika ya sanar da rasuwa ba ya faɗa daga bakin ƙofa. Yakan ce jiki ya yi tsanani, a zo gida, ya bar mutum ya taka a hankali zuwa ga labarin. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Mai neman aure ba ya shiga zauren surukai ya ce ga abin da ya kawo shi kafin a gama gaisuwa, a tambayi ruwa, a tambayi gajiya. Wannan sakayawa ce da alkunya, kuma wanda bai iya su ba, mai zuwa wa mutane ɗoɗar kamar kibiya, ba gwani muke ce masa ba, gaɓo muke cewa ko marar ta-ido. Bambancin a fili yake ga duk wanda ya tashi cikin harshen: mai sakayawa yana zagaye ne don ya iso da kai inda gaskiyar take ba tare da ka faɗi ba, mai kwana-kwana yana zagaye ne don kada ku iso. Dukansu ba su miƙe ba. Ɗaya ake yabo.

Abin da na fi jin tsoro a shawarar Malam shi ne sashen da ya ce malamai su riƙa ja wa kalmar jan biro a takardun ɗalibai. Na koyar a aji, na san abin da jan biro ke yi. Yaron da ya zo daga ƙauye, wanda tuni ake yi masa dariya don ya ce tahi da hwaɗi da icce, yanzu kuma a gaya masa kalmar da ubansa ɗan kabu-kabu ke ci da su da ita ba Hausa ba ce. Abin da zai koya shi ne Hausar makaranta wani harshe ne na daban da ba a magana da shi a gidansu, sai ya rubuta karkatacciyar hanya don ya ci maki, ya kuma rasa bambancin da tsohon maƙerin nan ya ba ni kyauta. An rage masa kalma ɗaya, an lalata masa ta biyu.

Yau ba na iya zuwa Sunke. Kowa ya san abin da dazuzzukan kudancin Anka suka zama, ya san yadda hanyar Bagega take, ya san garin Anka cike yake da mutanen da suka baro ƙauyukansu da abin da kai ya iya ɗauka. Hatta babbar hanyar da ta taso daga Mayanci ta bi ta Anka da Daki Takwas zuwa Gummi, direba sai ya tambayi wanda ya fito kafin ya shiga. A irin wannan zama, hanyar da ta fi miƙewa ita ce aka fi tsarewa, kuma tsohuwar maganar nan ta hanyar lafiya a bi ta da shekara ta daina zama karin magana, ta koma shawarar tafiya.

Kawu ya rasu da daɗewa. Ɗansa, wanda muka yi kiwo tare, ya iso Anka da iyalinsa a wata kaka da ta wuce. Na je na same su a inda suka raɓa, muka gaisa, na yi masa barka da arziki, na ce, "Yaya, ta ina kunka biyo?" Ya ce, "Ina hanya? Daji munka shiga. Mun yi ta kwana-kwana, mu bi rafi mu bar rafi, sai da munka kwana biyu." Tafiyar da a da mashin ke yi tsakanin hantsi da azahar. Na tambaye shi ko ya samu fitowa da wani abu. Ya ce tabarma biyu da tukunya. Laujen yana can rataye a jikin rumbu, shinkafar ma ba a yanka ba.